Motar da Mode Ya Kushe

Da Hayatu ya nemi shawarata, da na ce masa kada ya kuskura ya tafi da Mode. Amma bai nema ba, kuma gaskiya a Sakkwato ta wancan lokaci babu mai ba shi wannan shawara. Duk wanda zai sayi abin hawa, jaki ne ko doki ko raƙumi, Mode dillali yake nema. Mota kuwa, a ganin kowa, abin hawa ce.

Zamanin Turawa ne, mota ba ta daɗe da fara shiga gari ba. Hayatu fatun jar akuya yake saye yana kai wa kantin Turawa, kuma Allah ya rufa masa asiri daidai gwargwado. Ba don a gan shi yake neman mota ba. Saƙo ne ya zo daga Kwalkwalawa, can ƙetaren gulbi, cewa jiki ya yi wa Dijatu tsanani, kuma ba ta da magana sai ta ƙanwarta. Ƙanwar ita ce mahaifiyar Hayatu, Inna Sadiyatu, kuma su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Ciwon ƙugu ya daɗe da zaunar da Inna, ko zaure ba ta iya takawa, balle ta hau jaki. Hayatu ya kawo shawarar a kwantar da ita a gadon kara, ƙarti su ɗauka. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Ni za a ratsa gari da ni bisa kawunan maza awa gawa?" in ji ta. "In kun matsu in mutu ku hwaɗi. Ba ni hawa."

Ta juya fuskarta bango ta kama kuka a hankali. Hayatu bai taɓa jin kukan uwarsa ba sai ranar, kuma ya ji shi har cikin ƙashinsa. Ya tashi ya tattara abin da yake da shi, ya nufi gidan Mode.

Mode abokin marigayi mahaifinsa ne, tsoho mai farin gemu da kaifin baki. Gwanintarsa ɗaya ce, kushe. In ya zagaya doki sau ɗaya yana girgiza kai, mai dokin da kansa sai ya fara jin kunyar abin da ya kawo kasuwa. Kuma yana da doka wadda ba a taka masa, wato in yana ciniki, mai saye kurma ne kuma bebe.

"Ɗana, ka riƙe bakinka," ya ce wa Hayatu a hanya. "In mai kaya yag ga kana so, ya yanka ka ba wuƙa. Ko tari yat taso ma, ka haɗe shi. Ni ka magana."

"Baba, hwam talatin gare ni. In ta sauko nan mu amsa, Inna na jira."

"Hwam talatin! Kai dai bar ni da shi."

Mai sayar da mota ɗaya ne a garin, Jibrin, mutumin Zariya da ya koyi gyaran inji a wurin aikin jirgin ƙasa. In Bature zai koma ƙasarsu, ko motarsa ta ishe shi, Jibrin ne ke karɓa ya ajiye a wani fili bayan kantuna da ya kewaye da zana. Motocin da ke ciki ba su da yawa, kuma ɗaya ce kawai ke tashi, wata baƙa mai rumfar tamfol da dogayen ƙafafu. Ga abin da Mode bai sani ba, ni kuwa gara in gaya muku tun yanzu: a lokacin nan kayan mota sun fi motar daraja, domin daga bakin teku ake kawo su, mai jiran ƙusa guda sai ya yi wata da watanni.

Kafin su gama gaisawa fili ya cika. Labari ya bazu cewa Mode zai taya mota, wasu har rumfunansu suka bari.

Mode ya naɗe hannun riga, ya zagaya ta yana tsaki. Ya shafa ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya. Ya sa aka buɗe masa gabanta, ya leƙa, ya daɗe yana leƙe.

"Ina haƙoranta?"

"Ba ta da haƙora, Baba," in ji Jibrin.

Mode ya juya ga jama'a. "Kun dai ji da kunnuwanku. Ta tsuhwa har sun zube."

Sai ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya ga baƙin mai yana ɗiga. Ya lakato da yatsa, ya murza, ya sansana, ya ɓata fuska kamar wanda aka yi wa rasuwa. "Zawo takai," ya ce. "Kuma ya daɗe. To, don dai yaron ga ya nace, na taya hwam biyar."

"Albarka," in ji Jibrin. "Fam arba'in ne kuɗinta."

Mode ya yi dariya har da riƙe ciki, ya koma gabanta ya tsura wa fitilun ido. Ɗaya tana duban sama, ɗaya tana duban ƙasa.

"Harara-garke gare ta. Jaki mai irin wanga ido ko rabin kuɗɗi ba shi kai."

Ban sani ba ko gajiya ce ta sa Jibrin ya faɗi abin da ya faɗa, ko kuwa tun farko ya auna tsohon. Ya dai ce, "Baba, in fitilun ba su yi maka ba, sai in cire su in rage maka fam uku."

Mode ya tsaya cak. Tun yana saurayi yake kushe dabbobi, bai taɓa gamuwa da mai jakin da ya ce zai ƙwaƙule idon ya rage kuɗi ba. Kullum sai musu, sai rantsuwa, sai a kai yamma a kan sule guda. Yau ga shi ya sami kasuwar da kowace kushe take faɗuwa da nauyinta nan take. Idanunsa suka kawo ruwa don daɗi.

"A hidda su!" ya ce.

Aka kwance fitilu. Mode ya matsa ham ɗin roba da ke gefe, ya ce kukan agwagwa mai mura ne, ba zai bari ɗan amininsa ya shiga gari da wannan murya ba. Aka cire. Ya zagaya baya ya ga tayar da ake ratayawa saboda ko-ta-kwana, ya ja da baya yana neman tsari, ya ce dabba mai ƙafa biyar ko kyauta aka ba shi ba ya kai ta gida. Aka sauke. Jibrin ya ce yanzu ta dawo fam talatin.

Daidai kuɗin da ke hannun Hayatu ke nan. Ya yi gyaran murya kaɗan. Mode ya watsa masa wani kallo, sai ya haɗiye sauran.

Daga nan abin ya zama wasa. Jama'a suna shewa, Mode yana nuni da sanda, ma'aikatan Jibrin suna kwancewa. Gilashin gaba ya tafi, don Mode ya ce bango ne da ba a gani, wata rana sai ya fasa wa mutum goshi. Madubi ya tafi, don matafiyin kirki ba ya waiwaye. Ƙofofi suka tafi, don ba a taɓa yi wa sirdi ƙyaure ba. Can ya ga wani ƙarfe a tsaye kusa da kujerar direba, da wani abin takawa a ƙasa.

"Waɗanga hwa, mi a aikinsu?"

"Birki ke nan, Baba. Shi ke tsayar da ita."

Mode ya tafa hannu. "Jama'a, ku taya ni ji! Mu abin tahiya munka zo saye, shi ko shina saida muna abin tsayawa, kuma mu biya!"

Fili ya ɗauki dariya. Birki ya bi sauran.

Sa'an nan Mode ya ce a tashe ta ya ji numfashinta. Jibrin ya zura ƙarfe a gabanta ya murɗa, ya sake murɗawa. Motar ta yi tari, ta yi atishawa, ta kama karkarwa tun daga hanci har wutsiya, baƙin hayaƙi yana fita ta baya. Mode ya bari ta ɗan jima, sannan ya ɗora tafin hannu a gabanta, ya janye da sauri yana yarfewa.

"Masassara! Wallahi masassara ta! Ina ciwon yake?"

"Ba ciwo ba ne, Baba, inji ne."

"Shi ka tarin ga?"

"Shi ne."

"Shi ka sa ta makyarkyata? Shi ka shan man ga mai tsada?"

"Duk shi ne."

"To nawa zaka ragewa in an hidda shi?"

A nan dole in yi wa Jibrin adalci. Ya dubi Hayatu, ya dubi tsohon, ya ce, "Baba, in aka cire shi ba za ta yi tafiya da kanta ba."

Mode ya yi murmushin wanda ya kama ɓarawo. Ai ya san wannan waƙa. Duk mai dabba, wurin da ciwon yake nan ya fi yabo. "Haka mai raƙumi kan ce in ka taɓa ƙurjin," in ji shi. "Hwaɗi kuɗɗi."

Hayatu ya kasa daurewa, ya jawo gefen rigarsa. "Baba..."

Mode ya buge hannun. "Gaban mutane zaka kunyata ni? Ubanka bai taɓa sa min baki cikin ciniki ba."

Hayatu ya dubi farin gemun nan, ya dubi jama'ar da ta zuba musu ido, ya sunkuyar da kai. Har yau in na tuna wannan sunkuyawa raina ɓaci yake yi. Mutum mai iyali, mai hankali, wanda ba a taɓa cutarsa a fatar akuya ba, ya tsaya yana kallo aka kawo gungumen itace da igiya, ƙarti suka yi kabbara suka ɗaga injin motarsa suka ajiye a gefe, duk don kada a ce ya katse babba.

Motar ta yi tsit. Mode ya jira kaɗan, ya sake ɗora hannu a gabanta, ya ji sanyi ƙalau.

"Kun gani? Ta warke."

Kuɗinta ya dawo fam shida. Mode ya ce, "Ka sallama?" Jibrin ya ce, "Na sallama." Aka shafa fatiha, shaidu sun fi a ƙirga. Mutane suka yi ta miƙa wa Mode hannu, wasu suna cewa tun da aka kafa kasuwa ba a taɓa karya kaya irin na yau ba, kuma ba ƙarya suka yi ba.

Da hayaniya ta lafa, Hayatu ya ja Jibrin gefe ya ce a mayar da injin, ko nawa ne zai biya. Jibrin ya nuna masa ƙofar fili. Wani mai lori, wanda motarsa ta daɗe a kwance saboda rashin inji, tun ɗazu yake tsaye cikin 'yan kallo yana addu'a Allah ya ƙara wa Mode basira. Har ya biya, har an ɗaure masa a gungume an fita da shi. Cinikin da aka sallama gaban shaidu kuwa ba ya tashi.

Mode bai ga abin damuwa ba. "Ƙahwahunta huɗu lahiya lau," ya ce. "Baƙunta ta ka damunta. A tura ta, ta saba."

Haka aka turo ta har ƙofar gida. Direban da Hayatu ya yi magana da shi tun da safe ya zo, ya buɗe gaba ya leƙa, ya ga ƙasa ta cikin ramin, ya rufe a hankali, ya yi musu sallama. Rana ta riga ta karkata, kuma wani ɗan aike ya sake zuwa daga Kwalkwalawa ya ce in za a zo a zo yau. Babu lokacin neman wata dabara. Tunda maza za su kasance a baya suna turi, dole wani ya riƙe sitiyari, kuma mutum ɗaya ne zai kasance a ciki. Aka ɗauko Inna Sadiyatu da sabon zanenta da ƙullin goronta, aka zaunar da ita a kujerar direba, aka nuna mata dama da hagu. Ta kama abin da hannu biyu kamar mai tankaɗe.

Suka ratsa gari, Hayatu da Mode da maƙwabta suna turi, Inna tana amsa gaisuwa da ka. Ta ji daɗi ƙwarai. "An ce tana da ruri da wari," in ji ta. "Mutane dai da ƙarya. Ko jinjiri ya yi kwana cikin wagga."

"Ni niz zaɓe ta," in ji Mode daga baya, yana haki.

Wanda ya san Sakkwato ya san garin a kan tudu yake, in ka fita ta wajen gulbi gangara ce. Suna fita ƙofar gari maƙwabta suka koma, turi kuma ya fara sauƙi. Can sai Hayatu ya ji ba ya tura komai. Can kuma sai ya ga motar ta bar hannunsa.

"Kun gani?" Mode ya ƙwala ihu, ya tattare riga yana bin ta. "Ban hwaɗa ba? Ta saba!"

Hayatu ya buɗe baki zai ce Inna ta taka birki, sai ya tuna inda birkin yake. Ya cire takalma ya runtuma. Motar tana ƙara wuta, babu ƙara, babu ham, sai salatin Inna da ke tashi. Masu jakuna ɗauke da albasa suka watse cikin gona. Wata mai tallan nono ta ajiye ƙwaryarta ta hau bishiya, abin da ta ce ba ta taɓa yi ba ko tana yarinya. Inna kuwa ba ta saki sitiyari ba, tana karkata shi dama da hagu, kuma ikon Allah ko kaza ba ta taka ba. Motar ta sauka fadama, ta keta yashi, ta faɗa gulbi, ta yi ta tafiya ruwa yana tsagewa har ta kai tsakiya, sannan ta tsaya. Da yake rani ne, ruwan iyakarsa gwiwa.

Hayatu ya iso yana haki. Ya tarar da uwarsa tana gyara ɗaurin kallabi.

"Mun iso?" ta tambaya.

"Saura kaɗan, Inna."

Suka tura, shi da Mode da wasu masunta. Ƙafafun sun nutse cikin yashi, ko motsi. Ga Kwalkwalawa can ana hango rumbunanta, ga rana tana sauka. Hayatu ya zagayo, ya juya wa uwarsa baya, ya durƙusa cikin ruwa.

"Inna, hau."

Shi ne ɗanta na fari, ko sunansa ba ta faɗi, balle ta taɓa jikinsa. Ta dubi rumbunan nan. Sannan ta sa hannu ta riƙe wuyansa. Da ya miƙe sai tsoro ya kama shi, domin bai ji nauyin komai ba, ɗaurin fata guda ya fi ta nauyi. Suka bar Mode yana gadin mota, yana ba masunta labarin yadda ya karya ta daga arba'in zuwa shida.

Sun sami Dijatu da rai. Tana kwance a kan tabarma, ta ƙare sai idanu, idanun ma sun dushe. Hayatu ya sauke Inna kusa da ita. 'Yan'uwan suka riƙe hannun juna, matan gida suna share hawaye. Can Dijatu ta motsa baki.

"Sadiya, an ce min cikin mota zaki taho."

"Cikinta nit taho, Yaya."

"Ina take?"

"Tana gulbi."

"Mi takai gulbi?"

Inna ta gyara mata mayafi. "Ruwa taka sha."

"Ni ban taɓa ganin mota ba," in ji Dijatu. "Tun da anka hwaɗa min nika jira. Ku kai ni."

'Ya'yanta suka ce haba, a wannan hali? Ta ce ita ce mai mutuwa, ba su ba, kuma ba shawara ta nema ba. Hayatu ya sake durƙusawa. Ya goya Dijatu ya kai ta gulbi, ya jingine ta a kujerar baya, ya dawo ya ɗauki Inna ya zaunar da ita a gefenta. Mutanen gari suka tsaya a bakin gaɓa suna kallo.

Dijatu ta shafa kujerar, ta shafa rumfar tamfol. Da yake babu ƙofa, sai ta sunkuyar da kai ta dubi ƙasa. Ruwa yana wucewa ta gefen motar, yana tafe da ganye da karmami, suna zuwa daga gaba suna shigewa baya. Iskar gulbi tana shigowa ta inda gilashi yake a da, tana kaɗa mata gefen mayafi. Ta daɗe tana kallo.

"Sadiya, tahiya mukai?"

Inna ta ɗaga ido ta dubi ɗanta da ke tsaye cikin ruwa. Sannan ta ce, "Tahiya mukai, Yaya."

"Ashe haka take. Ko girgiza babu." Ta numfasa. "Muna da sauri kuwa. Ina za mu?"

"Gida."

"Gidanmu na da?"

"Shi."

Dijatu ta kwantar da kai a kafaɗar ƙanwarta, ta lumshe ido. "To ki ce ma direba kar shi tsaya."

Inna ta rungume ta. Hayatu ya zagaya bayan motar, inda ba za su ga fuskarsa ba, ya dafa ta da hannu biyu ya sunkuya yana kuka, kuma bai ɗaga hannunsa ba har aka kira magariba.